Camry 'yar Amurka da na saya a Katsina: maileji 78,000 a fuska, 214,000 a takarda

Masu tambayata yaya Camry ɗin nan da na saya take, ga amsarku a wuri ɗaya. Ta 2009 ce, wadda ake kira Muscle, mai silinda huɗu, ruwan toka, ta shigo ta Legas da takardun kwastam cikakku. Inda na saye ta kuwa, duk ɗan Katsina da ya taɓa neman mota ya san layin, ba sai na kama suna ba. Kuɗin ma kun san yadda suke tun da dala ta yi tashin gwauron zabi a 2023. In batun tuƙi ne ba ni da ta cewa. Tana da laushi a hanya, sanyinta na aiki ko a zafin Afrilu, giya na shiga ba fizga. Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kowa ya je ya saya.

Abin da ya ja ni gare ta maileji ne. Akwai 'yan uwanta a filin, shekara ɗaya, launi ne kawai ya bambanta, amma ita ce mitarta ke nuna mil 78,000, kuma saboda wannan lambar aka ɗora mata kuɗi sama da sauran. Alhajin da ke da filin ya dafa bonet ya ce mani, "Malam, wannan ta wata tsohuwa ce a can, daga gida sai kanti. Ka ga ko fenti ba a taɓa ba." Na zo da bakanikena, na zo da mai sikana. Aka jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ba ta nuna matsala ko ɗaya ba. Sitiyarin sanye da sabuwar riga, ƙasa sabon kafet, aka ce kyauta ce ta gida da ake yi wa kowane mai saye. Na biya, na biya la'ada, aka yi addu'a.

Asirin ya tonu a hanyar Daura. Za mu ɗaurin auren ɗan ƙanen mahaifiyata, ita Hajiya mahaifiyar tawa na gaba, maiɗakina da yara na baya. Mun wuce Mashi kaɗan sai jar fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa, injin ya soma wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas wadda duk mai mota ya san ba ta alheri ba ce. Na gangara gefe na kashe. Na zaro gejin mai, a bushe yake, ko ɗigo bai taɓa ba. Ga shi ban daɗe da yi mata juye ba, da mai mai kyau, a gabana aka zuba.

Kowa ya san yadda zuciya ke yi in mota ta tsaya da mutum a gefen hanya a jihar nan yanzu, balle da iyali. Hajiya mai ciwon ƙafa ce, ba ta iya doguwar tsayuwa, cikin motar kuma ya zama tanda tunda an kashe inji. Sai da muka shimfiɗa mata darduma a gindin wata bedi, yara na kukan ƙishirwa, ni kuma ina tare masu wucewa. Wani ɗan acaɓa, Allah ya saka mashi da alheri, shi ya koma Mashi ya sawo mani mai. Ko da muka isa Daura an shafa fatiha, mutane na watsewa. Hajiya ba ta ce mani komai ba sai "Allah ya tsare gaba", amma na san ta daɗe tana shirin wannan rana, kuma saboda ita na dage in sayi motar da ba ta sha wuya ba tun farko.

Da muka dawo na kai ta gareji. Bakanike ya shiga ƙarƙashi, babu inda take yoyo. Ya kwance fulogi, duk sun yi baƙi sun jiƙe da mai. Ya sa yaronsa ya taka totur, sai ga shuɗin hayaƙi daga salansa. Ya ce, "Yallaɓai, shan mai take. Ringi sun gaji. Kuma wallahi wannan injin ya yi tafiyar da ta fi abin da ke rubuce." Daga nan ya fara bin ta ɗaya bayan ɗaya. Ya yaye rigar sitiyari, fatar da ke ƙarƙashi duk ta goge ta yi santsi, wani wurin ma ta ɓare. Robar fedar birki sabuwa ce fil, alhali kafet ɗin asali da ke ƙarƙashin sabon ya huje daidai inda dunduniya ke zama. Kujerar direba an cusa mata sabon soso. Ya haska fitila a kan sukurorin da ke riƙe da allon mita, kawunansu duk sun sha sukundireba.

Ɗan yayata ne ya rufe maganar. Ya ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke jikin gilashin gaba ta gefen direba, ya biya ya ciro rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motocin Amurka. Ga tarihin motar nan a jere, duk lokacin da aka kai ta sabis ko aka sabunta mata rajista an rubuta mil nawa ta yi. Tun shekaru da dama baya ta wuce 78,000. Rubutu na ƙarshe, lokacin da aka yi gwanjonta a Texas, 214,000 ne. Ya ƙara lalube a intanet da lambar, sai ga hotunan gwanjon, har da wanda aka ɗauki allon mitar a kunne, lambar ɓaro-ɓaro. Ita ce, har da ɗan karcen da ke jikin bamban baya.

Ku tuna motar Amurka da mil take lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yar ɗoriya. An share mata mil 136,000, kusan kilomita 219,000 ke nan. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, to ku lissafa: zuwa Kano da dawowa fiye da sau 600 aka goge daga tarihin motar, aka kuma karɓi kuɗina a kan gogewar.

Masu cewa mitar zamani ba ta taɓuwa, ku daina faɗa. Ta fi ta da sauƙin taɓawa. Lambar tana zaune ne a wani ɗan ƙaramin guntu a bayan allon, mai na'ura ya ciro allon ya rubuta abin da ya ga dama ya mayar. Sikanar da ake jonawa a filin mota kuma ba wannan take karantawa ba, matsalolin da kwamfutar inji ta ajiye take nunawa, su kuwa ana goge su kafin mai saye ya zo. Abin da ya kamata a ce mai sikana ya duba shi ne nisan da motar ta yi tun da aka yi gogewar ƙarshe, na'urar na nuna wannan. In ka ga 'yan kilomita kaɗan ne, ka san jiya-jiya aka wanke mata ƙwaƙwalwa.

Na buga rahoton a takarda na koma filin, na tafi da wani dattijo maƙwabcinmu don kada raina ya ɓaci in faɗi abin da bai dace ba. Muka gaisa, na miƙa wa Alhajin. Ya duba shafin farko kawai ya ajiye a kan benci. Ya ce, "To Malam, ni ma haka na saye ta a Legas. Ni ba ni da na'urar yanke maileji." Na ce, "Alhaji, na ji. Amma kai ka ce mani ta tsohuwa ce, daga gida sai kanti. Wa ya ba ka labarin tsohuwar?" Bai amsa wannan ba. Sai ya koma wata hanya: ai duk Muscle shan mai suke, kowa ya sani.

A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Injin 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 an san shi da wannan lalura, daga ringin fistin take, kamfanin Toyota da kansa ya amsa har ya tsawaita garantin gyaran a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Amma wannan hujja ai tawa ce, ba tashi ba. Don an san injin da haka ne mutum ke neman wanda bai yi nisa ba, ya ƙara kuɗi a kai. Wanda ya yi 78,000 da wanda ya yi 214,000 ba abu ɗaya ba ne, kuma shi ma ya sani, tunda farashi biyu ya sa masu a fili ɗaya.

Maganar da ta fi ƙona mani rai ita ce ta wani yaronsa da ke gefe yana goge wata Corolla. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Oga, ai babu motar da ke shigowa ƙasar nan da mailejinta na gaskiya. Wa ke duba wannan?" Alhajin bai tsawata mashi ba. Dattijon da na zo da shi ne ya gyara zama ya ce, "Yaro, ka san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu? Yawan masu yi ba ya halatta shi." Wurin ya yi tsit, amma tsit ɗin bai dawo mani da ko kwabo ba.

Ni ban ce Alhajin ne ya kwance allon da hannunsa ba, ban gani ba. Abin da hoton gwanjo ya tabbatar shi ne motar ta bar hannun masu gwanjo da lambarta ta gaskiya, a hanya aka yanke. A Amurka yanke maileji laifi ne babba tun dokar 1972, kuma duk da haka hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ƙiyasta ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da mitar ƙarya, to ina ga inda ba mai tambaya. Amma mutumin da sana'arsa ke nan, wanda ya san tun 2022 kwastam da lambar shasi suke yanka kuɗin fito, ba zai ce mani bai san ana duba tarihin mota da lambar ba. Abin da ɗan yayata ya yi a waya yana zaune a zaure, mai fili cike da motoci ba zai kasa ba. Ko ya duba ya yi shiru, ko ya ƙi dubawa don kada ya sani.

Da aka zo sulhu, abin da ya fara kawowa shi ne in mayar da ita ya saye, amma a farashin motar da aka yi amfani da ita a gida, tunda na sa mata lamba. Wato in yi asara sau biyu. Sai kuma ya ce in ɗauki wata in yi ciko. Na ce wace, cikin waɗanda yaronka ya ce duk an yanke? A ƙarshe dattawa suka tsayar a kan zai biya rabin kuɗin aikin inji. Na karɓa don girman waɗanda suka sa baki, ba don ya yi daidai ba.

Na ce a sama motar na da daɗin tuƙi, kuma na so in bar ta a haka, in ce mota mai kyau ce aka yi mata ƙarya. Amma yanzu da nake jero abin da ya biyo baya, na janye. Ana sauke inji aka ga famfon ruwa na gab da tafiya. Man giya da aka zuƙo baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ƙafafun gaba duk sai da aka yi masu aiki, wasu kayan ma sai Ƙofar Ruwa a Kano aka samo. Tayoyin da aka shafe da mai suna ƙyalli ranar ciniki, da muka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke jikinsu, masu nuna mako da shekarar da aka ƙera su, biyu sun haura shekara takwas. Da waɗannan na ɗauki mahaifiyata da 'ya'yana a kan kwalta mai zafi. Duk abubuwan nan lokacinsu ne ya yi, a mil 214,000 ba abin mamaki ba ne. Da an faɗa mani gaskiya, da na saye ta da rahusa na gyara su kafin in hau hanya, ko in bar ta. Laushin da nake yabo ma ashe sabon soso ne a kan tsohuwar kujera.

Wanda zai je layin nan ya ɗauki hoton lambar shasi tun kafin a fara maganar kuɗi, ya koma gida a ciro mashi rahoto da hotunan gwanjo. Lokacin da ɗan yayata ya ciro nawa, kuɗin rahoton bai kai na galan ɗaya na baƙin mai mai kyau da tace ba. In mai fili ya nuna ba ya son a ɗauki lambar, ko ya ce wani na zuwa da kuɗi yanzu, a bar mashi kayansa. A yaye rigar sitiyari a ɗaga kafet a gabansa, ba rashin kunya ba ne. Kuma a sa shi ya rubuta mailejin a takardar ciniki ya sa hannu da shaidu, domin tawa takardar launi da lambar inji da lambar shasi kawai ke jiki, shi ya sa da aka zauna sulhu ya iya cewa shi bai yi alkawarin komai ba.

Motar na hannuna, an gama aikin inji, ta daina hayaƙi. Ba zan sayar wa kowa ita ba sai da rahoton nan a cikin takardunta. Rabin kuɗin aikin da aka yanke wa Alhajin kuwa, wani ɓangare kawai ya turo, sauran kullum sai yaronsa ya ce Alhaji ya tafi Legas ɗauko kaya.