Wasiƙa Daga Jamus: Maganin Sankarar Furostet Da Haske Ke Tayarwa

Kawu, bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya a Kano, ga bayanin da ka nema kan jinyar maƙwabcina a nan Jamus, wanda aka samu da sankarar furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Sunan maganin padeliporfin, ana sayar da shi da sunan Tookad, an ƙirƙiro shi a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, kuma Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017. Bayan an yi wa maƙwabcin nawa allurar barci, sai aka soka siraran zarurruka masu ɗaukar haske ta tsakanin maraina da dubura, aka ɗura maganin ta jijiya na minti 10, sannan aka kunna hasken leza na kimanin minti 22. Maganin ba ya aiki sai inda hasken ya sauka, a nan yake toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin har ya mutu.

Da na je duba shi, na tarar da labule a sauke, shi kuma sanye da baƙin tabarau, domin an hana shi shiga rana na kwana biyu. Na tuna ranar Kano ta watan Afrilu, na ce a raina da a gida ne, da wannan sharaɗin kaɗai ya isa aiki.

A gwajin da Farfesa Mark Emberton na Landan ya jagoranta kan maza 413, kashi 49 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin ba a ga cutar a jikinsu ba bayan shekara biyu, alhali a cikin waɗanda aka sa wa ido kawai kashi 14 ne. Duk da haka Turai ba bakinsu ɗaya ba, domin hukumar NICE mai tantance magunguna ta Ingila ta ƙi ba da shawarar amfani da shi a 2018.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ana yin aikin ne ga wanda cutar ba ta yi nisa ba, tana gefe guda, kuma awon PSA, wato gwajin jinin da ke nuna alamar matsalar furostet, bai wuce 10 ba. Maƙwabcina gwajin jini ne ya tona tasa tun bai ji komai ba, mu kuwa dattawanmu sukan jure, suna kunyar faɗa, sai fitsari ya tsaya a kai su a sa roba. Awon PSA ana yin sa a Kano, don haka ina roƙon ka lallaɓa Baba ku je a yi masa cikin makon nan, kuɗin yana wuyana.