Matsalar fitsari: yadda ake bincikenta a Ingila, da abin da Katsina ta fi su

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Katsina da Daura. Saƙonninku na neman a aiko da "maganin sanyi mai ƙarfi" suna isowa. Gaskiya magungunan da ke nan Ingila akwai su a gida. Bambancin shi ne a nan ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar Cipro ko Ampiclox haka kawai, kuma idan zafin fitsari ya dawo, ko mai ciwon namiji ne ko mai juna biyu, sai an auna fitsarin.

Wajen tara fitsarin ake yawan ɓata aiki. A wanke gaba, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da asibiti ya bayar, a kai ɗakin gwaji cikin awa 1. A zafin Katsina, fitsarin da ya wuni a aljihu ƙwayoyi sun hayayyafa a ciki, sakamakon zai yi ƙarya. Wanda kuma ya riga ya sha maganin kemis, sau da yawa ba abin da zai tsiro a gwajin alhali cutar tana nan. Kwana 2 zuwa 3 ake jira a san ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Nitrofurantoin likitocin nan suka fi bayarwa, kwana 3 ga mace marar juna biyu, 7 ga namiji ko mai juna biyu.

Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ɗebi jini a ga aikin ƙoda. Makin da ya zauna ƙasa da 60 har wata 3 alamar ciwon ƙoda ne. Ana haɗawa da awon suga da hawan jini, domin su suka fi kashe ƙoda. Sai hoton ciki: a sha ruwa kamar lita 1, a riƙe fitsari, a duba tsakuwa ko toshewa, a sake dubawa bayan an yi fitsari a ga abin da ya rage. Dattijon da ke tashi sau da yawa da dare yana buƙatar wannan sosai. Mai shekara 45 ko fiye da ya ga jini a fitsari ba tare da ƙwayar cuta ba, cikin gaggawa ake tura shi a leƙa mafitsara da siririyar kyamara, saboda tsoron ciwon daji.

A Ingila ba a biyan kuɗin gwajin, amma abin da ba na gaggawa ba yakan ɗauki watanni. A Katsina mai kuɗinsa a hannu yakan samu hoto a rana guda, kuma akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya idan abin ya girma.

Tsargiya kuwa ma'aikatanmu sun fi na nan saninta nesa ba kusa ba. Likitan Ingila ba lallai ta zo masa a rai ba sai an faɗa masa. Duk wanda ya yi wanka a kududdufi ko dam irin na Jibiya, Zobe ko Sabke, ko da yarinta ne, ya faɗa. Fitsarin ƙarshe ake tara mata, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar da ke kawo ta ya fi fita. Praziquantel ake sha gwargwadon nauyi, miligiram 40 kan kowane kilo. In an bar ta shekaru tana iya toshe hanyar ƙoda.

Don Allah a rage Diclofenac da Ibuprofen don ciwon kwiɓi, suna cin ƙoda. Zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya tsaya cak, ranar nan a tafi asibiti.