Wasiƙa daga Greensboro: kotunan Karolina ta Arewa da masu zana musu iyaka

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Inna da Hajiya da yara baki ɗaya. A miƙa gaisuwata ga abokan aikinka na rajistar kotu.

A wasiƙun baya na ba ka labarin kuɗin haya da tsadar asibiti da arahar kaza. Ka ce duk ka ji, amma kai sana'arka ce ta dame ka: yaya kotunsu take, fayil a hannun wa yake kwana, kuma nawa talaka yake kashewa kafin ya tsaya gaban alƙali. To ga abin da na gani da ido da wanda na bi diddiginsa. Maganar jihar da nake zaune kaɗai zan yi, domin a Amurka kowace jiha da nata tsarin, ko maƙwabciyarmu Virginia ba irin namu take yi ba.

Karolina ta Arewa tana da gundumomi 100, kusan kamar ƙananan hukumominmu, kuma babu wadda ba ta da ginin kotu. Tamu ta Guilford biyu ma gare ta, ɗaya a nan Greensboro, ɗaya a High Point. Gunduma ce ke gina kotu ta kula da ginin, amma albashin alƙali da na magatakarda da na mai gabatar da ƙara daga baitulmalin jiha yake fitowa. Gundumomin nan aka harhaɗa aka yi shiyyoyi, kowace shiyya da babban mai gabatar da ƙara guda, su 40 da 'yan kai a faɗin jihar. Jama'a ne ke zaɓensa duk shekara huɗu, sunan jam'iyyarsa na nan a gefen nasa a takardar ƙuri'a. Guilford ita kaɗai shiyya ce, ta 24, saboda mutanenta sun haura rabin miliyan. Can ƙuryar yamma kuwa, cikin duwatsu, gundumomi bakwai ne a hannun mutum ɗaya.

Wani abu da zai ba ka sha'awa, kusan lokaci ɗaya muka yi gyara da su. Kafin shekarun 1960 jihar nan cike take da ƙananan kotuna na birni da na ƙauye, kowace da nata farashin, har da masu yanke hukuncin da abincinsu yake fitowa daga kuɗin da aka ci mutum. A 1962 aka gyara tsarin mulkin jiha aka haɗe su a ƙarƙashin inuwa ɗaya, aka bi gunduma-gunduma har aka kammala a 1970. Mu kuma a 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e suka koma na jiha. Inda muka rabu da su shi ne wajen gabatar da ƙara. A nan ɗan sanda ba ya gabatar da ƙara ko ta satar kaza ce. Shi shaida ne kawai, ya faɗi abin da ya gani ya koma ya zauna. Lauyan ofishin shiyya ne ke riƙe da fayil tun daga ranar farko.

Na taɓa raka wani maƙwabcina mutumin Maraɗi kotu (garin nan akwai 'yan Nijar sosai, Hausa da Zabarmawa), an rubuta masa takardar gudun wuce kima. A jikin takardar da ɗan sandan ya miƙa masa a bakin titi akwai ranar zuwa kotu da lokaci. Muka isa da safe, aka caje mu a ƙofa, muka duba jerin sunaye muka ga nasa da lambar ɗakin. A ciki wata matashiyar lauya ce tsaye a bayan tebur, fayiloli jibge a gabanta, mutane sun yi layi har bakin ƙofa. Da layi ya zo kansa ta karɓi lasin ɗinsa da takardar inshora, ta duba ko yana da laifin baya, ta ga babu, ta ce za ta sassauta tuhumar in ya yarda. Ya yarda. Muka sauka wajen mai karɓar kuɗi ya biya aka ba shi rasit, kafin azahar ya koma bakin aikinsa. Ba wanda ya ce fayil ya ɓace, ba wanda ya nemi na goro. Yaya, wallahi ranar na tuna da mutanen da ke kwana a tasha don su riski zaman kotu da sassafe, a ƙarshe a ce musu mai gabatar da ƙara ya tafi wani aiki, su dawo bayan wata guda.

Akwai majistare da ake samu dare da rana, shi ake fara kai wanda aka kama ya yanka masa sharuɗɗan beli. Shi ne kuma ke jin ƙananan ƙararrakin bashi da na haya, har zuwa dala 10,000 a gundumomi da yawa, ba sai ka ɗauki lauya ba. Tafinta kyauta ne, har na Hausa ana nemowa ko ta waya in an sanar da wuri. Wannan ma sai da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta binciki jihar, ta fitar da sakamako a 2012 cewa ana tauye waɗanda ba sa jin Turanci, sannan aka faɗaɗa shi. Wanda ake tuhuma da laifin da zai iya kai shi gidan yari kuma ba shi da hali, gwamnati za ta ba shi lauya.

Amma fa kayan da tsada. Kuɗin kotu kaɗai a ƙaramin laifin mota ya kusa dala 200, tara daban. Ita tarar tsarin mulkin jiha ya ce makarantun gwamnati za a ba, wannan kam na yaba. Wanda ya ƙi zuwa ranar da aka sa masa, ko ya manta, ko takardar ta je tsohon adireshinsa, za a ƙara masa dala 200 kuma a dakatar da lasin ɗinsa. A garin da babu acaba babu Keke Napep, wanda aka hana tuƙi an hana shi neman abinci. Sai ya ci gaba da tuƙin a ɓoye, a sake kama shi, bashin ya ninku. Na san mutanen kirki da wannan ya ɗaure shekara da shekaru, ba su taɓa cutar kowa ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau. Babban mai gabatar da ƙara na shiyya ikonsa ya wuce yadda na zata. Shi ke cewa a tuhumi wane a kyale wane. Shi ke tayin sassauci ga wanda zai amsa laifi, kuma mafi yawan shari'o'i a nan suke ƙarewa ba a kai ga kiran shaidu ba. A jihar nan har jadawalin shari'o'in laifi ofishinsa ne ke tsarawa, wato ɗaya daga cikin masu jayayya shi ke cewa yau za a saurari wane. An kai ƙorafin har kotun ƙolin jiha a 1994, majalisa ta rage ikon a 1999, amma har yau kaso mai tsoka na hannunsa. Wanda ya kasa biyan beli yana tsare yana jira, tayin amsa laifi kuma na ajiye a gabansa. Ga baƙo irinmu abin ya fi haɗari, domin amsa wani laifin da ake gani ƙarami yana iya cinye takardar zama. Shi ya sa a 2010 kotun ƙolin Amurka ta wajabta wa lauya ya gaya wa baƙo wannan kafin ya amsa.

Tunda haka ne, iyakar shiyya ba zanen banza ba ne. Laifi ɗaya, doka ɗaya, amma a wannan gefen layin a sassauta maka, a wancan gefen a ƙi, saboda mutum biyu ne daban aka zaɓa. Layin kuma majalisar jiha ce ke ja, tana iya gogewa ta sake duk lokacin da ta ga dama.

A 2017 wani abin kunya ya tashi a arewa da mu. Manyan masu gabatar da ƙara biyu, Craig Blitzer na gundumar Rockingham da Wallace Bradsher mai riƙe da gundumomin Person da Caswell, kowanne ya ɗauki matar ɗayan aiki a ofishinsa, aka kuma biya albashin aikin da ba a yi ba. Duka biyun suka ajiye muƙami. Blitzer ya amsa laifi, Bradsher kuma aka same shi da laifi a 2018 aka ɗaure shi wasu watanni. A wannan tsakanin majalisa ta rushe shiyyar Person da Caswell gaba ɗaya, ta haɗa Caswell da Rockingham, ta tura Person wajen gundumomin da ke gabas da ita. Irin wannan ban ga laifinsa ba. Gundumomi biyu ne na karkara, ko wacce mutanenta a lokacin ba su kai 40,000 ba, kuma ofis ƙarami da ba mai leƙa shi ya fi saurin lalacewa. Haka aka raba Hoke da Scotland da suka daɗe tare, aka haɗa Hoke da Moore, Scotland ta koma wajen Anson da Richmond. An kuma rage manyan yankunan da alƙalan babbar kotu ke zagayawa daga takwas zuwa biyar. Su waɗannan alƙalan duk wata shida ake sauya musu wurin zama, don kada alƙali ya saba da lauyoyin gari ɗaya da masu kuɗinsa. Wannan al'adar da za a kawo mana ita da na yi murna.

Sai dai ba duka gyaran ne don sauƙin jama'a ba. A 2017 majalisar, wadda 'yan Rifablikan ke da rinjaye a cikinta, ta mayar da zaɓen alƙalan ƙananan kotuna da na manya ya zama na jam'iyya. Gwamna Roy Cooper, ɗan Dimokurat, ya hau kujerar na ƙi, suka tara ƙuri'un da suka isa suka wuce shi. A 2018 suka ɗauki gundumar Mecklenburg, inda birnin Charlotte yake, suka yanka ta gida takwas wajen zaɓen alƙalan ƙaramar kotu, alhali a da duk gundumar ce ke zaɓensu tare. Masu dokar sun ce don mai ƙuri'a ya san wanda yake zaɓa ne. Masu suka suka ce an zana layukan ne don a sama wa jam'iyya kujeru a rage alƙalai baƙar fata. Aka garzaya kotu, a zaɓen 2020 aka koma yadda ake a da. Ni dai abin da na gani shi ne, alƙalin da zai yanke wa mutumin ko wace unguwa hukunci, babu dalilin da zai sa unguwa ɗaya ce kawai za ta zaɓe shi. Kuma duk wannan ja-in-jar da ake yi, mu da ba mu da ƙuri'a ba a tambaye mu ba, ga shi kuma muna cikin masu cika layin kotun.

Saboda haka in wani ya ce maka a kwaso zaɓen alƙalai da na masu gabatar da ƙara a kawo gida, ni ban goyi baya ba. Ka san yadda zaɓen ƙananan hukumomi yake ƙarewa a wajenmu, ka ƙaddara a ce da irinsa za a fitar da wanda zai iya ɗaure mutum.

Abin da nake kwaɗayin mu samu shi ne a san mai fayil. A wajenmu sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya tattara ikon a hannun kwamishinan shari'a, wanda gwamna ya naɗa, mutum ɗaya ga ƙananan hukumomi 34 na Katsina. A kama mutum a ƙauye da babban laifi, a kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumi, a tura shi gidan gyaran hali, fayil ya tafi neman shawarar ma'aikatar shari'a. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba da kwana 14 a fitar da shawarar, jihohi ma sun yi nasu dokokin, amma kai ka fi ni sanin kwana nawa ake yi a zahiri. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Uwar yaro ta zo rajista tana kuka, ka rasa sunan wanda za ka tura ta wajensa.

A nan akwai suna, akwai ƙofa, akwai kuma hanyar cire shi. Ko wane mutum yana iya rubuta takardar rantsuwa ya kai wa magatakardan babbar kotu yana ƙarar babban mai gabatar da ƙara, alƙali ya duba, in ta tabbata a tsige shi. Haka aka cire Tracey Cline ta Durham a 2012, aka cire Greg Newman a yammacin jihar a 2021. Kafin su Mike Nifong, shi ma na Durham, ya rasa lasin ɗin lauya a 2007 saboda yadda ya riƙe shari'ar wasu ɗaliban jami'ar Duke da daga baya aka wanke su.

Ba sai mun yi zaɓe ba kafin mu sami wannan. Babbar kotu tana zama a Funtuwa da Daura ba Katsina kaɗai ba. A ba lauyan gwamnati na kowace shiyya cikakken ikon fitar da shawara a inda yake, ba sai fayil ya hau mota ba. A liƙa jeri a bangon kotu: sunan wanda ke tsare, ranar da aka kai shi, sunan lauyan da fayil ke hannunsa. A buɗe ƙofar da ɗan'uwan wanda aka tsare zai kai kuka gaban alƙali in kwanakin sun wuce. Ita kuma iyakar shiyya a bar wa ɓangaren shari'a ya ja ta bisa yawan ƙararraki da nisan tafiya, kada a bar ta a hannun masu neman kujera.

In Allah ya kai mu taronku na ma'aikatan shari'a, don Allah ka kawo maganar jerin nan na bango, tunda takarda da gam kawai yake ci. Ka kuma rubuto min mutum nawa ne a rajistarku suka haura shekara suna jiran shawara.

Wassalam, ƙaninka.