WhatsApp ko Wattpad: ina za ki saka labarin 'yan sama-jannati?

Idan kin ari taurarin wani fim na sararin samaniya kin ƙago musu sabon labari, WhatsApp ya fi saurin tara masu karatu a garin Garwa na Kamaru: rukuni ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, rubutu zalla kuma ba ya cin data sosai. Illarsa, babi na 7 sai ya nutse cikin gaishe-gaishe, ko wata ta kwafe ta goge sunanki. Shi ya sa dogon labari ya fi dacewa da Wattpad, manhajar karanta labarai mai jera babi-babi, har mai karatu ya yi sharhi daidai sakin layin da kumbon ya sauka a duniyar Mars. Sai dai akwai talla, kuma a ƙauyukan Marwa inda sabis ke rawa, buɗe shi ma aiki ne.