Tarin fuka a garken shanun madara: lissafin rukuni ko bin saniya ɗaya-ɗaya?

Masu binciken tarin fukan shanu, wanda ƙwayar Mycobacterium bovis ke haddasawa, suna da hanya biyu ta hasashen yadda cutar ke bazuwa a garke.

Ta farko tana kasa garke kashi huɗu: masu lafiya, waɗanda suka kamu amma gwaji bai gane su ba, waɗanda gwaji ke kamawa, da masu yaɗawa. Lissafinta ba wuya. Sai dai tana ɗaukar shanu duk ɗaya, alhali tsohuwar saniyar da ta shekara tana shaƙar numfashin 'yan'uwanta a rumfar tatsa ba daidai take da maraƙin da aka yaye jiya ba.

Ta biyu tana bin kowace saniya a kwamfuta, da shekarunta, da ranar da aka sayo ta, da sakamakon gwajinta. A Ingila ana yi wa saniya allurar gwaji a fatar wuya, a dawo bayan awa 72 a auna kumburin, garken da aka samu cutar kuma a sake gwada shi bayan kwana 60. Gwajin yakan tsallake wasu masu ɗauke da ita. Hanya ta biyun ce ke nuna yadda saniya guda da ta sulale wa gwajin ke sake tayar da cutar bayan an ɗage takunkumin hana fitar da shanu daga gonar. A ƙaramin garke ita na fi amincewa da ita, ko da yake tana cin bayanai sosai: sai kowace saniya na da lamba a kunne, an kuma rubuta duk gonar da ta taɓa zama.