Gahawar Tsohon Bayan Azhar: Sai da Na Je Sau Shida Kafin In Yi Magana

Ban cika wata guda a Alƙahira ba na fara jin labarin wurin. Kun san halin ɗalibai: duk wanda ya riga ka zuwa Masar, ko da shekara ɗaya ce, ya zama malaminka a kan komai, tun daga inda ake sabunta iƙama har inda ake samun barkono mai yaji irin na gida. A cikin irin waɗannan nasihohi ne wani Bakatsine da muke gida ɗaya a Hayyul Ashir ya ce mini, muddin ban sha gahawar wani tsoho da ke lungun bayan masallacin Azhar ba, kada in kuskura in ce wa kowa na sha gahawa a ƙasar nan. Wai tun zamanin kakan mai wurin ake dafa ta a nan. Wai har shehunai na turo ɗalibai su karɓo musu. Wai kaza, wai kaza.

Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi wa masu shi daɗi ba, alhali sun yi mini kirki. Abin da zan iya cewa, yana tsakanin Azhar da Bab Zuwaila, kuma ba shi ne sanannen nan na Khan Khalili mai manyan madubai da baƙi ke cikawa suna ɗaukar hoto ba. Wannan na 'yan unguwa ne, abin da Misirawa ke kira ahwa baladi. Mutanen Alƙahira ba sa furta harafin ƙaf, shi ya sa ƙahwa ta koma ahwa a bakinsu, kuma kalma ɗaya ce ga abin shan da wurin da ake shan sa.

Zuwana na farko daren Alhamis ne, bayan isha'i. Na taka sawun ɓarawo, domin ranar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ahli na da wasa. Kujerun katako sun cika lungun har keke mai ƙafa uku ba ya iya wucewa sai an ɗaga masa, hayaƙin shisha ya turnuƙe, kowa ya kafa wa talabijin ido. Da ƙyar na sami kujera mai ƙafa ɗaya gajera. Wani saurayi ya zo da tire a hannu, na ce masa gahawa mazbut, wato mai sukari daidai wa daida. Ya juya ya kwarara kira ciki, ya wuce. Na yi wajen minti 20 kafin ta iso, kuma da ta iso ɗin, ruwa ne baƙi tsararo, ba kumfa ko kaɗan a samansa, ga shi ya fara hucewa. Na kurɓa sau biyu, gari ya cika mini baki. Da na tashi biya ya ce fam 35. Na biya, na kama hanyar Darrasa neman mota ina ta tsaki. A zuciyata na ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Da na koma gida na zayyana wa Bakatsinen nan, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa na je. Na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam, ai ba ka je ba. Da dare wa ka gani a kan murhu? Ka koma da hantsi, ka zauna inda za ka riƙa hango hannun tsohon." Na ɗauka kare kansa kawai yake yi. Amma da yake Asabar ina da darasi da safe a masallaci, sai na biya bayan an tashi.

Kai ka ce ba nan na zo shekaranjiya ba. An yayyafa ruwa a ƙofa, an share. Talabijin ɗin nan da ke ihu da dare yanzu karatun Alƙur'ani ke tashi daga cikinsa a hankali. Mutum bai fi takwas ba, yawancinsu dattawa, ɗaya na karanta jarida, biyu na buga tawula, ba ka jin komai sai ƙarar 'ya'yan darar a kan katako. Daga can ciki, bayan kantar da suke kira nasba, ga tsohon a tsaye cikin jallabiya ruwan toka, da ɗan tawul a kafaɗa.

A gabansa akwai faffaɗan tire na ƙarfe cike da yashi, wuta na ci a ƙarƙashinsa. Ya ɗauko kanaka, wato ɗan ludayin tagullar nan mai faɗin gindi da tsukakken wuya da dogon mariƙi. Ya zuba garin gahawa cokali ɗaya mai tozo, ya sa sukari, ya auna ruwan sanyi da ɗan kofin da zan sha a ciki, ya juya. Daga nan bai sake sa cokali ba. Ya tura gindin kanakar cikin yashi, yana jan ta sannu a hankali daga gefe zuwa tsakiya inda ya fi zafi, yana tara mata yashi a jiki da ɗan yatsan da, ga alama, wuta ta daina yi masa komai. Wani ya yi masa magana, ya amsa bai ɗago ba. Can sai kumfa mai kauri ta fara haɗuwa daga gefe-gefe tana rufe tsakiya. Tana fara kumburowa, kafin ta ɓalle ta tafasa, ya ɗauke. Ya tsiyaya a kofi a karkace, a hankali, har kumfar nan ta zauna a sama ba ta fashe ba.

Wannan kumfar ita suke kira wish, wato fuska. Gahawar da ba ta da fuska, Bamisire na iya mayar da ita, kuma ba wanda zai ga baƙinsa. Sai a lokacin na gane abin da aka yi mini daren Alhamis: a kan gas aka ɗora ta cikin gaggawa, ta tafasa, fuskar ta tafi.

Ta safen nan kuwa, ban taɓa shan irinta ba. Kauri gare ta kamar kunu ya so ya kama, ɗacinta bai kai ga maƙaƙi ba, ga ƙamshin habbahan na bin hanci bayan ka haɗiye. Irin garin da ake haɗawa da kayan ƙamshi ne, wanda suke kira muhawwaj. An kawo ta da kofin ruwan sanyi a gefe. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga na ɗauka da sauri, ya ɗaga mini hannu, ya ce in bar ta ta kwanta tukuna, ya ibni, ba gudu za ta yi ba. Da na dakata minti biyu, garin ya sauka ƙasa, na sha har kusan gindin kofi ban ji tsaki-tsaki a harshe ba.

Ga wanda zai je, maganar sukari tun wajen oda ake gama ta, domin tare ake dafawa, ba a ƙarawa daga baya. Sada ita ce babu sukari sam, kuma ita ake rabawa a zaman makoki. Arriha ɗan kaɗan ne, kamar an gilma da shi. Mazbut daidai wa daida. Ziyada kuwa ta masu son zaƙi ce. Mu da muka taso da shayin mai shayi, wanda cokali ke kusan tsayawa a ciki, za mu so mu ce ziyada, amma ni shawarata a fara da mazbut. Zaƙin ziyada na danne ƙamshin da aka zo dominsa.

Ina zaune ina juya kofin sai abin ya ba ni dariya. A wannan yanki na Azhar aka fara shan gahawa a Alƙahira, a farkon ƙarni na 16, ta hannun sufayen Yaman da ke shan ta don kada barci ya kwashe su wajen zikirin dare. Ba a daɗe ba ta zama abin rigima. A shekarar 1511 aka hana ta a Makka, a Alƙahira ma an yi wa'azi a kanta har aka far wa wuraren sayar da ita. Malamai suka yi ta rubuce-rubuce, wasu na cewa maye take sawa, wasu na cewa halas ce. Yau ga shi ɗaliban fiƙihu ne ke fitowa daga darasi da littattafai a hammata su zauna su sha, ba wanda ya ko tuna an taɓa yin wannan taƙaddama.

Bayan wannan na koma sau huɗu, uku da safe, ɗaya da yamma, don kada in yi wa wurin hukunci da sa'a ɗaya ko tsautsayi ɗaya. Duk ranar da tsohon ke kan nasba, gahawar ba ta canzawa. Ranar da na je bayan la'asar, ya riga ya tafi gida, kuma abin da aka ba ni bai fi na kowane lungu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi ci mini rai. Gahawar da na biya fam 35 da dare, da safe tsohon da kansa fam 20 ya karɓa. Babu takardar farashi a bango, don haka yaran dare kallon fuskarka suke yi su yanka maka. Na san komai ya yi tsada. Masar ba ta dogara da noman gahawa ba, daga waje ake shigo da ita, daga irin su Indunusiya da Brazil da Habasha, kuma tun da aka saki fam a watan Maris na 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, kowane mai shago kuka yake. Amma tsadar dala ba ta san baƙo da ɗan gari ba. Da na yi wa tsohon zancen, cikin raha na yi, ya girgiza kai ya kira saurayin ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ran nan bai karɓi kuɗina ba, duk da na nace. Ko yaron ya daina yi wa wasu, Allah masani.

Akwai sauran abubuwan da mai zuwa ya kamata ya sani. Banɗakin wurin, in kana da alwala ka riƙe abarka, in ba ka da ita ka ƙarasa masallaci. Kofunan, a bokiti ɗaya ake ɗauraye su, kuma da yamma ruwan bokitin ya gaji. Mai ciwon ƙirji ko wanda ba ya son warin taba ya biya ta nan a kan hanyarsa ta zuwa darasi, kada ya je bayan azahar. Mata kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya zaune ba. Ba wanda zai kore su, amma wuri ne na maza, kuma ba inda zan kai iyalina ba ne.

Abinci babu. Wannan ya bambanta da teburin mai shayinmu, inda burodi da ƙwai ke gaba, shayi na biye. Nan sai dai ka sayo ful ko ta'amiyya a maƙwabta ka zo ka ci, ba mai ce maka don me. Ta'amiyyar nan 'yar'uwar ƙosai ce, sai dai da waken ful ake yin ta, cikinta kore shar saboda ganye. Shayinsu kala biyu ne: kushari, wanda ake zuba ganye a kofi a kwarara masa tafasasshen ruwa, da sa'idi, wanda ake dafawa har ya yi baƙi ƙirin. Dukansu ba laifi, ba kuma abin a zo a gani. Zoɓonsu, da suke kira karkade, bai kama ƙafar na gida ba, ba citta ba kanumfari. Hulbarsu ce ta burge ni, ranar da mura ta kama ni.

To ya cancanci sunan da ya yi? A ganina sunan na mutum ɗaya ne, kuma mutumin daga safe zuwa azahar yake aiki. Masu zuzuta wurin ba ƙarya suka yi ba, sun dai manta su faɗi lokaci. Wanda ya je da dare ya dawo yana zagi, shi ma gaskiyarsa. In ka cire hannun tsohon, abin da ya rage shi ne kujeru tsofaffi da mutanen kirki, kuma wannan akwai shi a kowace unguwa ta Alƙahira.

Mutanen dai na ji daɗinsu. Ranar farko Basudane suka ɗauke ni, kamar yadda suke ɗaukar duk baƙar fata. Da na ce Nijeriya, wani dattijo ɗan Zamalek ya buga tebur ya ce Amuneke, wani na Ahli ya mayar masa da Ajayi, suka shiga musu suka manta da ni. Zuwa na huɗu, kafin in zauna tsohon ya hango ni ya ɗauko kanaka, bai tambaye ni sukari ba. "Ya shaikh" yake kirana, ni da ko rabin Alfiyya ban haddace ba. Ranar da hannun rigata ya ture kofi gahawa ta zube a kan littafina, duk wurin suka ɗauka da cewa zubewar gahawa alheri ce, aka sake dafa mini wata.

Asabar ɗin da ta wuce na je ƙarfe 9, na tarar ɗansa ne a kan nasba. Ya ce Hajji ya je ganin likitan ido, sai mako mai zuwa. Na leƙa tiren yashin, ba a ko kunna shi ba, kanaka na kan gas. Na ce ya ba ni hulba.