Kafin ka kashe kuɗin bincikenka a kan faladiyam, duba wannan

Ƴan uwa masu digiri na biyu da na uku a kemistiri, musamman masu aikin elektirod, tambayar nan ta yi yawa: in sayi faladiyam ne ko filatinam, kuma in faladiyam ne wanne iri? Kuɗin nan da dala ake biya, kuskure ɗaya sai ya cinye maka zango guda.

Fara da ruwan da za ka yi gwajin a ciki. In KOH ne, wato ruwan alkali, kana ƙona itanol (oksideshan), to faladiyam ya fi filatinam aiki, haka ma in asid ɗin fomik kake yi, don shi CO, wato kabon monoksaid, ba ya saurin toshe wa faladiyam fuska kamar yadda yake yi wa filatinam. Amma in aikinka rage iskar oksijin ne (ridokshan) ko ƙona metanol a cikin asid, gaskiya filatinam ne gwani, kuma faladiyam yana narkewa a hankali cikin asid in ka yi ta kai boltej sama. Kar araha ta ruɗe ka, ai farashin ma ba tsayayye ba ne, a Maris 2022 oza ɗaya ta haura dala 3,000 saboda yaƙin Rasha da Yukiren, Rasha kuwa ita da Afirka ta Kudu ne ke haƙo mafi yawansa, daga baya ya sauko kusan dala 1,000 a 2024.

To in ka tsaya a kan faladiyam, hanya biyu ce mafi yawa. Ko ka sayi gari haɗaɗɗe, Pd/C, wato faladiyam a kan kabon, ko ka sayi gishirin faladiyam ka haɗa da kanka.

A nan ne nake so a buɗe ido sosai. Pd/C iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda masu haɗa magunguna ke amfani da shi, 5% ko 10% a kan gawayi, sau da yawa ma jiƙaƙƙe yake zuwa, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Akwai kuma na elektirod, a kan baƙin kabon irin Vulcan XC-72 mai ɗaukar lantarki da kyau, galibi 20% zuwa sama. Ni dillali ya taɓa kawo min na farkon, kwalba mai kyau da hatimi, na haɗa tawada da Nafion, sinadarin da ke manna garin, na ɗiga a kan elektirod na milimita 3 da na goge da alumina har yana ƙyalli, sati biyu ina ganin layin jadawalin gwajin a kwance babu wani tudu na kirki, wallahi har na fara zargin na'urar. Ka nemi takardar bayanin kayan kafin ka biya, ka ga irin kabon da girman ƙwayoyin da nanomita.

Gishirin kuma, PdCl2, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa faladiyam ne, giram ɗaya zai kai ka nesa. Ba ya narkewa a ruwa zalla yadda ya kamata, sai ka sa masa ɗan HCl, in ba ka son wannan wahalar ka sayi Na2PdCl4 ko K2PdCl4. Daga nan ko ka rage shi da NaBH4, sinadarin da ke mayar da shi ƙarfe, a kan kabon, ko ka ɗora shi kai tsaye a kan elektirod da lantarki, wanda wannan na biyun ɗan ruwa kaɗan yake ci. Matsalar haɗawa da kanka, girman ƙwayoyin yana canzawa daga haɗi zuwa haɗi, kuma in babu TEM, madubin elektiron na ganin ƙwayoyin, a kusa za ka sha tambaya a ranar kare aiki. Ni dai shawarata ga mai ƙaramin aljihu, gishirin a matsayin babban kaya, sai ɗan ƙaramin Pd/C na kamfani don kwatantawa.

Faladiyam yana shanye haidirojin cikin jikinsa, don haka kar ka auna faɗin fuskarsa da lissafin haidirojin na filatinam, wato 210 µC/cm², yi amfani da tudun rage PdO, wato oksaid ɗin faladiyam. Sannan busasshen Pd/C yana iya kamawa da wuta in ya haɗu da metanol, ka fara jiƙa shi da ɗigon ruwa tukuna kafin ka zuba alkohol.